Mai Sayen Kuka da Kuɗinsa

Wata rana da la'asar sakaliya ina zaune a rumfar wani tsohon tela a garin Ƙanƙara, ina jira ya gama gyara mini wuyan riga. Dab da rumfar akwai wani ɗan shago na samarin nan masu tura wa mutane finafinai a cikin waya. Muna nan sai ga wani saurayi ya tsaya da kekensa, ya miƙa wayarsa da 'yan kuɗinsa, ya ce wa mai shagon, "Don Allah zuba mini fim mai ban tausayi, irin wanda ba a gama shi sai an share hawaye."

Tsohon tela ya tsai da keken ɗinki, ya ɗago kai, ya dube shi ta saman tabarau, ya ce, "Kai ɗan nan, zo nan. Me na ji ka ce?"

Yaro ya matso ya rusuna, ya ce, "Baba, fim nake so a sa mini."

Tsoho ya ce, "Na ji wannan. Amma wai kuka ne ya yi ƙaranci a garin nan, har za ka fid da kuɗinka ka saya? In kuka kake nema, zo in nuna maka gidaje, kyauta ma za ka samu."

Yaro ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Da aka gama masa ya karɓi wayarsa, ya hau keke ya tafi. Tsoho ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ku da kuka yi karatu, wannan ba wauta ba ce?"

Na rasa amsar da zan ba shi nan take. Na tafi gida da maganar a raina, na yi kwanaki ina jujjuya ta. Abin da na samu shi ne zan shimfiɗa maka a nan, ya kai mai karatu, ka auna da naka hankalin. Tambayar ita ce: shin ya kamata mutum ya kalli fim mai sa baƙin ciki da gangan? In kuwa ya kamata, shin daidai ne ya ce wa ɗan'uwansa, "Kai ma nemi wannan ka kalla"?

Hujjar Tsoho

Kada ka yi saurin cewa tsoho bai san zamani ba. Maganarsa tana da nauyi, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san inda ta samo nauyinta.

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙasar noma ce a kudancin Jihar Katsina, ƙasar masara da dawa da auduga. Faskari ta yi iyaka da Zamfara, Sabuwa kuwa ta jingina da dazuzzukan Birnin Gwari. Shekaru da dama mutanen waɗannan wurare suka yi suna fama da 'yan bindiga masu fitowa daga daji, su kore shanu, su ƙone rumbuna, su tafi da mutane sai an biya fansa. A watan Yuni na 2020 aka faɗa wa ƙauyen Kadisau na ƙasar Faskari, aka kashe mutane masu yawa a yini guda. A daren Juma'a, 11 ga Disamba na wannan shekara, aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, aka kora ɗaruruwan yara cikin daji da ƙafa. Kwana shida iyaye suka yi ba barci, sai ran 17 ga wata aka sako yara 344. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka datse a ƙananan hukumomi 13 na jihar, da waɗannan uku a ciki, don a toshe wa ɓarayin hanyar magana da masu kai musu labari.

To, mutumin da ya ga wannan da idonsa, in ya ce kuka ba abin saye ba ne, wa zai ce ya yi ƙarya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsoho yana ganin zuciya kamar tulu ce, in ta cika ba a ƙara mata. Wanda ya yini yana ɗauke da damuwa, in dare ya yi abin dariya ya cancanta, ya ɗan sauke kaya.

Amma fa akwai abin da hujjar nan ba ta warware ba. Yaron nan shi ma ɗan garin ne. Abin da tsoho ya gani, shi ma ya gani, wataƙila ma a cikin waɗanda aka kora daji akwai abokan wasansa. Duk da haka ya zo da ƙafarsa yana neman labarin baƙin ciki. Ruwa ba ya tsami banza. Lalle akwai abin da yake nema.

Ba Yau Aka Fara Ba

Tuna lokacin da kake yaro, kuna kewaye da kakarka da dare. Wace tatsuniya ce ta fi zama a ranka? Ta Gizo da Ƙoƙi ta ba ka dariya, ka manta rabinta. Amma ta marainiyar nan da kishiyar uwa take aike rafi mai nisa, take ba ta ƙanzo alhali 'ya'yanta suna cin tuwo, ita ce har yau in ka tuna sai ka ji wani abu ya tsaya maka a maƙogwaro. Kuna hawaye, kuna cewa, "Kaka, ƙara mana." Kakarka kuwa ba mugunta ta sa take ba ku ba. Ta san yaron da ya yi wa marainiyar tatsuniya kuka, da wuya ya ƙwace wa marayan unguwa ƙosai.

Haka waƙoƙin wa'azi da almajirai da makafi suke rerawa ƙofa ƙofa, masu tuna wa mutum kabari da ƙarewar duniya. Mata sukan tsai da daka su saurara, su yi hawaye, su ba da sadaka, gobe kuma su so a dawo. Haka Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi ta tsara marsiyyoyi ga waɗanda ta rasa, har da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, aka kwafe su aka adana. Haka kuma ƙissar Annabi Yusufu, wadda kowa ya sani: yaro ne aka raba da ubansa, aka jefa rijiya, aka sayar da shi bawa a wata ƙasa, uban ya yi ta baƙin ciki har ganinsa ya tafi. Ba a ɓoye mana wannan ƙissa don tana da ɗaci ba. Ana karanta ta ga manya da yara.

Sauran al'ummai ma sun yi wannan gardama tun kafin mu. A ƙasar Yunan, fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai wani masani Aflatun da almajirinsa Aristotal. Mutanensu suna da al'adar taruwa su kalli wasan kwaikwayo na masifar da ta auka wa manyan mutane. Aflatun yana gefen tsohon tela: a ganinsa irin wannan wasa yana shayar da raunin zuciya, yana koya wa jarumi kuka, don haka ya so a nisanta masu tsara shi daga gari nagari. Almajirin ya saɓa wa malamin. Shi a ganinsa tausayi da tsoro suna taruwa a cikin mutum, wasan kuwa yana motsa su ya fid da su, mai kallo ya tashi wasai kamar wanda ya sha magani ya yi gumi.

Ka ga ashe gardamar rumfar tela ta girmi tela da kakanninsa.

Labarin Shaihu Umar

Bari in kawo maka misali daga gida. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya ta sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Daga cikin waɗanda suka fito akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na wani malamin makaranta daga Bauci, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin nan fim. Fim ɗin ya ɓace wa mutane shekaru masu yawa, har aka gano faifansa a ma'ajiya, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin ta Jamus a 2018.

Mene ne labarin? Wani babban malami ne almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su tarihinsa. Yana ƙaramin yaro aka sace shi, a zamanin da ake farautar mutane ana sayarwa. Ya bi hannu hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe da ya riƙe shi kamar ɗa, ya ƙetare hamada da shi, ya sa shi karatu. Uwarsa kuwa ba ta zauna ba. Ta bar gida ta shiga duniya nemansa, ita ma aka kama ta aka bautar, ta sha wuyar da ba ta faɗuwa. Sai can a ƙarshe Allah Ya haɗa su, ta riga ta ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu.

Yanzu ka ɗauki mutum biyu ka zaunar gaban wannan fim. Na farko ɗan birni ne daga nesa, wanda ya ji a rediyo an ce yara 344, ya ce "Allah Ya kyauta," ya ci gaba da shan shayinsa. Ba mugu ba ne. Lissafi ne ba ya shiga zuciya. Ba wanda ya taɓa yi wa lamba kuka. Amma in ya yi sa'a biyu yana bin uwa guda ɗaya cikin rairayi, ya ga ƙafarta, ya ga yadda take duban fuskar kowane yaro da ta gamu da shi, to ran nan zai san abin da ake nufi da an sace ɗa. In ya sake jin lambar nan, zai ninka uwar nan sau 344. Gani ya kori ji.

Na biyu kuwa mutumin Faskari ne ko Sabuwa, wanda abin ya taɓa gidansu. Shi ba ya bukatar a koya masa zafin. Abin da zai samu daban ne. Masifa tana da wata mugunta, takan sa mutum ya ga kamar shi kaɗai aka ware, kamar ba a taɓa yi wa kowa irin wannan ba. Sai ga shi yana kallon kakanninsa cikin irin halinsa, ya ga an yi wannan zamani, an yi kasuwar bayi a fili, kuma zamanin ya wuce. Ya ga yaron da aka sace ya zama malami da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa. Sa'an nan akwai wani abu kuma. Namiji a ƙasar Hausa ba ya kuka a wurin jana'iza, sai ya daure, ya karɓi gaisuwa, ya ce "sai haƙuri." Hawayen nan da ya haɗiye ba su tafi ko'ina ba. In ya zauna shi kaɗai da dare yana yi wa uwar Umar kuka, wa ya san ko wa yake yi wa? Ina zaton abin da yaron nan mai keke ya zo saye ke nan: wurin da zai ajiye kukansa ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Ɗaci Iri Biyu Ne

Amma kada ka ɗauka duk abin da ya sa baƙin ciki magani ne. Sassaƙen maɗaci yana da ɗaci, guba ma tana da ɗaci. Mai hankali shi ke rarrabewa.

Akwai baƙin cikin da ke tausasa zuciya, akwai wanda ke busar da ita. Ga yadda za ka gane na farko: yana nuna maka mutum a matsayinsa na mutum, yana nuna maka yadda aka yi abin ya kai ga haka, kuma in ka tashi sai ka ji kana son ka rungumi wani.

Dubi fim ɗin Indiya da ake kira Mother India, wanda Mehboob Khan ya yi a 1957, wanda iyayenmu suka yi ta kallo a gidajen silima na Kano da Zariya da sauran birane. Labarin wata manomiya ce da bashin mai ba da rance da ruwa ya cinye gonarsu. Mijinta ya rasa hannuwansa a wurin aiki, kunya ta sa ya bar gida, ambaliya ta zo ta share abin da ya rage. Ta yi renon 'ya'yanta da ƙyar. Ɗaya daga cikinsu ya tashi da ƙullin zaluncin da aka yi musu, ya shiga daji ya zama ɗan fashi. Ran da ya zo ya sace 'yar mai rancen, uwar da kanta ta ɗauki bindiga ta harbe shi. Fim ɗin bai wanke ɗan fashin ba, ai uwarsa ce ta kashe shi. Amma ya tilasta maka ka tuna ɗan fashi ma an yi masa goyo, kuma akwai hanyar da aka bi ya lalace. Mutanen da ke son ɓarna ta ƙare a ƙasarsu suna bukatar sanin wannan hanya, don su tare ta tun daga bakinta.

Ko kuwa Timbuktu, wanda Abdurrahman Sisako ɗan Muritaniya ya yi a 2014, a kan lokacin da masu bindiga suka mamaye wannan tsohon birni na Mali a 2012. A ciki akwai makiyayi mai zaman lafiya da matarsa da 'yarsa. Saniyarsa ta shiga komar wani masunci, masunci ya kashe ta, makiyayi ya tafi yin magana da bindiga a jikinsa, aka yi kokawa, bindiga ta tashi. Saniya guda ta jawo gidaje biyu suka rushe. Duk wanda ya taɓa ganin yadda gardamar gona da shanu take farawa ba zai kalli wannan ya tashi yadda ya zauna ba. A nan gida kuma akwai The Milkmaid na 2020, wanda Desmond Ovbiagele ya yi, yawancinsa da Hausa, labarin wata 'yar Fulani mai tallan nono da ta bi sawun 'yar'uwarta da masu tayar da ƙayar baya suka tafi da ita.

Ɗaya ɗacin fa? Shi ne wanda yake yawo a wayoyinmu ba da sunan fim ba. An kai hari ƙauye, kafin a rufe gawa wani ya ɗauki hotonta, ya watsa. Ɓarayi sun ɗauki bidiyon waɗanda suka kama suna dukansu, don dangi su ji tsoro su sayar da gona, sai mu kuma mu taya su rabawa. Wannan ba ya koya maka kome game da wanda aka kashe, ba ka san sunansa ba, ba ka san abin da yake so ba, nama kawai aka nuna maka. Ka kalli na farko ka kasa cin abinci. Ka kalli na goma kana cin gyaɗa. Ran da ka kai haka, an yi maka sata ba ka sani ba, an sace maka tausayi. Ga kuma cin mutuncin mamaci, da fama wa uwarsa miki duk ran da abin ya faɗo wayar wani na kusa da ita. Haka kuma akwai finafinan da aka shirya don jini kawai, ko don su nuna duniya ba ta da wani alheri, kowa maci amana ne. Mai kallonsu yakan tashi da ƙunci da yanke ƙauna. Wannan guba ce, ko da an zuba ta a kwalbar magani.

Hawayen Banza

Saura wani haɗari, wanda ya fi ɓoyuwa, domin yana kama mutanen kirki. Wani malamin Kirista na Afirka ta Arewa, Ogustin, wanda aka haifa a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya rubuta wajen shekara ta 400 yadda yake son zuwa gidan wasa yana saurayi don a sa shi kuka. Da ya girma ya binciki kansa, sai ya lura da wani abu: mai kallo ba a neman ya taimaki kowa, baƙin ciki kawai ake nema ya yi, har ma yana jin daɗin baƙin cikin.

Wannan magana ta kama mu. Mutum ya kalli fim, ya yi wa marayan ciki kuka har da shessheƙa, ya ji a ransa lalle shi mai tausayi ne. Gari ya waye, ga wata mata da aka kora daga ƙauyensu tana sallama a ƙofar gida da goyo, ya ce a ce mata ta yi haƙuri. Marayan fim ba ya cin tuwonka, shi ya sa yake da sauƙin so. In tausayi ya saba fita ta ido kawai, ba ya sauka hannu, to ya zama abin shaƙatawa kamar goro.

Don haka ma'aunin fim mai ban tausayi ba yawan hawayen da ya zubar ba ne. Ma'auninsa sai da safe. Shin ka tashi ka leƙa maƙwabcin da aka yi wa rashi, wanda ka daɗe kana cewa za ka je? Ka sassauta wa matarka murya? Ka tuna da yaron nan da ya dawo daga daji ya daina magana, ka daina ce masa sakarai? In an sami ko ɗaya daga irin wannan, kuɗinka bai faɗi ba. In ba a samu ba, tsohon tela ya yi gaskiya, ka sayi kuka ne kawai.

Wa Za Ka Ce Wa Ya Kalla?

Yanzu mu zo kan rabi na biyu na tambayarmu. Ka kalli fim ya taɓa ka, kana ɗokin wani ma ya gani. Tsaya tukuna. Wanda ya ce wa wani "kalli wannan" ya zama kamar mai ba da magani, kuma mai magani na gari yakan dubi majinyaci kafin ya dubi kwalba.

Da farko, kada ka yaudare shi. Faɗa masa gaskiya: "Wannan akwai satar yaro a ciki, akwai mutuwar uwa." Kada ka ce ai daɗi gare shi, don ka ga yadda zai yi. Shi ya san inda mikinsa yake, kai ba ka sani ba.

Na biyu, dubi kwanan mikin. Matar da ɗanta yake hannun ɓarayi yau, ko wanda ya binne ƙanensa makon jiya, ba Shaihu Umar yake bukata ba. Yana bukatar ka zauna kusa da shi, ka kawo abinci, ka yi shiru. Ɗanyen miki ba a murza shi. In kwana ya ja, shi da kansa zai nema in yana so. In bai nema ba har abada, ba laifi ya yi ba. Wanda kuma ka ga baƙin ciki ya kwantar da shi, ba ci ba barci, yana firgita da dare, ko yana cewa ya gaji da rayuwa, wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, asibiti za ka raka shi, kada ka ƙara masa da fim.

Na uku, dubi shekaru. Abin da babba zai gani ya yi tunani, yaro zai gani ya kwana da tsoro. Kakarka ma tana zaɓen tatsuniyar da za ta yi wa na goye da wadda za ta yi wa masu wayo.

Na huɗu, in da hali ku kalla tare. Da can da majigi yake zuwa gari, a kafa farin ƙyalle a fili, kowa da kowa yana wurin, in an tashi a tafi gida ana taɗin abin da aka gani. Yau kowa ya dunƙule da wayarsa a lungu. Baƙin cikin da aka raba ya fi sauƙin ɗauka, kuma a cikin taɗin nan na bayan kallo ne ake fid da darasi.

Na biyar, ka san wanda ya fi kowa bukata. Ba mutumin Sabuwa ba ne, ba na Faskari ba. Wanda yake kwana da ƙofa a buɗe ne, mai jin labarinmu kamar labarin wata duniya, da wanda aka ba amanar jama'a yana ganinsu a takarda lamba lamba. In kana da irin wannan aboki, shi za ka matsa wa. Ce masa ya kalli Shaihu Umar, ya kalli Timbuktu, in ya gama ku yi magana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta aka ce ka shafa wa naka ruwa, amma sai ka ga wutar tukuna.

Komawa Rumfa

Bayan kwana biyu na koma wurin tsoho karɓar wata rigar. Na zayyana masa duk abin da na faɗa maka. Ya saurara yana ta ɗinki, har na gama. Sa'an nan ya ce, "Malam, na ji. Amma ni dai ba zan kalla ba. Abin da na gani ya ishe ni."

Na ce, "Baba, ai ba na ce ka kalla ba. Cewa na yi kada ka hana yaron."

Ya yi shiru, ya gyara zare a allura. Can ya ce, "Ka san bayan ka tafi na tambaya ɗan wane ne? Ashe yayansa na cikin waɗanda aka tare a hanyar gona, ba a sake ganinsa ba. Da na sani ban yi masa magana haka ba." Ya ɗan tsaya, ya ce, "In ka gan shi, ce masa ya kawo rigarsa ta Salla in ɗinka masa. Ba sai ya biya ba."

Na fito ina tunani. Tsohon nan bai kalli fim ko ɗaya ba, amma labari guda ya shiga kunnensa, ya sauka hannunsa. Abin da ake nema ga fim mai ban tausayi ke nan, ba wani abu ba. Wanda ya samu ta hanyar kallo, madalla. Wanda ya samu ba tare da kallo ba, ya huta da kashe kuɗi.

Kai kuma mai karatu, da ka yi ƙoƙari ka koyi karatu da girmanka, ka san ba don labarin dariya kaɗai ka koya ba. Yadda kake zaɓen abin da za ka karanta, haka za ka zaɓi abin da za ka kalla, da abin da za ka miƙa wa wani. Allah Ya ba mu zuciya mai taushi da hannu mai bin ta, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.